Libarbar Saje Manu

A Dukku, ƙarƙashin gadon ƙarfen kakana,
akwai adaka mai kwado biyu.
Mabuɗi ɗaya a wuyansa yake kwana,
ɗayan a ƙugun Goggo Dudu,
don kada fushin mutum ɗaya ya isa ya buɗe ta.

Ran Juma'a, bayan an sauko,
yakan shimfiɗa tsohon bargon soja,
ya kore jikoki har bayan rumbu.
Ni kaɗai, da gemu ya fara tsiro mini, yake bari,
ni ma sai ta bayan kafaɗarsa.

Libarba ce baƙa, ƙotarta ta yi santsi
kamar bakin rijiyar da igiya ta ci.
Daga Bama ya dawo da ita,
ita da tarin da bai rabu da shi ba har kabari.

"Kowace bindiga mai ciki ce," in ji shi,
"ko da hannunka ka juye ta jiya."
Sai ya karya ta, ya leƙa ɗakunan nan shida,
yana ƙirga su da Fulatanci,
bakinta na kallon ƙasa,
yatsansa can nesa da kunama.
Ɗigo biyu na man keken ɗinki,
tsumma, shiru, sai tari.

A saman ƙofar zaurenmu akwai rami
da ya hana a yaɓe shekara sittin.
Nan ya taɓa cewa, "Ai ba kome ciki."
Taƙi ɗaya ne tsakanin ramin
da hular ƙaninsa Sambo.

Bayan sadakar arba'in, Sallau dillali ya zo daga Jos
da gilashin duba ƙananan rubutu.
Ya bi lambar jiki, ya bi ta ganga, sun yi daidai.
Ya shinshina kuben fata,
ya karanta takardar sallama da ta yi launin kunu.
Ya ce, "Kun ci sa'a ba ku goge ta da toka ba.
Da kun wanke ta kamar tukunya,
da kun wanke rabin kuɗin.
Tsufan nan shi ake saye."
Ya faɗi abin da zai isa bijimai biyu
da kwanon rufin ɗakin Goggo.
Wallahi zuciyata ta motsa.

Sai ya juya ta a yatsa, yana dariya,
bakinta ya bi ta kan madafa
inda 'yata Jebu ke lasar ludayi.
Ban san lokacin da na danne hannunsa ƙasa ba.
Ba kome ciki, na sani, ni na duba.
Saje ma ya sani.

Goggo ta ce, "Rufe adakar.
Ya san kuɗinta, bai san ta ba."

Washegari na shiga motar Gombe
da tsohon lasisi da harsasai huɗu a gwangwanin madara,
duk sun yi kore kamar gansakuka.
Sufeto Bitrus ya karɓe su a hankali.
Ya ce tsohon harsashi tsohon maciji ne,
ba ka sanin ranar da zai tuna da dafinsa.
Su ya riƙe. Ni ya ba ni takardu, na cike,
na yi ta zarya har damina ta wuce.

Yanzu mabuɗi ɗaya na wuyana,
ɗayan na hannun matata Adda.
Ban taɓa harba ta ba, ba na kuma marmari.
Ran Juma'a nakan shimfiɗa bargon,
in ƙirga shida da Fulatancin da ya rage mini.

Bara magini ya tsaya a zaure da laka a hannu,
ya ce, "Wannan ramin fa?"
Na ce ya bar shi.